Kwano Ɗaya da Lawali

An ɗauke ni aiki a likita, wato asibitin garinmu, don in share ɗakuna in wanke bokitai. Na ƙare ina cin abinci ana biyana. Aikin da na yi ke nan har gwiwa ta gaza: a kawo mutumin da ya ƙi ci, a ajiye kwano tsakanina da shi, in sa hannu, in jira shi ma ya sa.

Ku samarin da ke dafa shayi gindin itacen bedin ƙofar gidana, kullum da wannan kuke tsokanata. Wai Baba Nomau ya ci banza, wai in an sake neman mutum a kai sunanku. To ku matso. Rabinku ba za su kai la'asar ba a ranar farko.

Ni ɗan yunwa ne. Shekarar da shanu suka ƙare a Kurfai ina yaro. Mun ci dusa, mun ci ƴaƴan anza masu ɗaci, mun tone gidan tururuwa muna tsintar hatsin da suka tara. Mu bakwai ne a ɗakin uwarmu, biyu muka fita. Tun daga nan ban ƙara cin abinci irin na mutane ba. In aka ajiye tuwo, kafin na kusa da ni ya gama bisimilla na kai gindin kwano. Shi ya sa ake ce mini Rijiya. Sunan bai taɓa damuna ba.

Aikina na farko ban san aiki ne ba. Wani tsoho aka kwantar, makiyayi daga wajen Bonkuku. Matarsa ta rasu, ya rufe baki. An yi lallashi, an yi faɗa, an sa masa ruwa a jijiya, ya juya wa kowa baya. Ni kuwa inuwar bayan ɗakinsa ce wurin cin abincina. Rannan na zauna da dambu da ɗan mai da yaji, ina ci ina gumi, ban san yana kallona ta taga ba. Sai na ji murya tana tambaya, wai bawan Allah, abin nan da daɗi haka ne, ko yi kake? Na ce da daɗi, kuma saura kaɗan. Ya ce in miƙo ya gani. Ya gani, ya sake gani, har ya gane gindin kwanona.

Majo Saini yana tsaye bayana. Shi ne babban ma'aikacin jinya na wurin, Bazabarme ne, ya yi karatun ciwon da ke kama tunani a Yamai. Ya ce in ajiye tsintsiya, na sami wani aikin.

Na zaci ci kawai zan yi. Washegari ya kira ni ofis, ya ajiye kwanon shinkafa, ya ce in nuna masa yadda zan ci da marar lafiya. Ya juya ya jawo kujera. Da ya juyo ina lasar hannu. Ya leƙa kwanon. Ya ce in haka zan yi, marar lafiya zai so ni ƙwarai, don ba zan bar masa abin da zai ƙi ba.

Daga nan koyo ya fara, kuma ko noman fako bai ba ni wuya haka ba. Loma ɗaya, in kwantar da hannu, in yi magana. Ni da ba na magana. Majo ya ce dole ne, don in wuri ya yi shiru marar lafiya yana jin ƙarar taunarsa, kunya ta kama shi. Na ce ba ni da labari sai na jakin ubana. Ya ce a kawo jakin. Labarin gajere ne: jaki ya ɓace ranar kasuwa, daga baya aka gan shi a Damana. Amma tuwo ba ya ƙarewa da wannan, sai na riƙa ƙara masa hanya. Jakin nan ya je Baleyara, ya wuce Tawa, ya yi aure, ya shiga kamyo, babbar motar kaya, har bakin teku ya kai. Akwai waɗanda suka warke ba su ji ƙarshensa ba, har yau suna tare ni a kasuwa suna tambaya.

Sauran abin da Majo ya koya mini duk hani ne. Kada ka ce wa mutum ci. Duk gidansu sun faɗa masa, da kalmar tana magani da bai zo ba. Kada ka kalli hannunsa, kalli katanga. In ya ci kada ka yaba, yi kamar ba ka gani ba. Kada ka ɓoye mai ko sukari cikin abinci ka ce babu, don ranar da ya gane ka gama aiki da shi. Kuma kada bakinka ya taɓa jikinsa, ko rama ko ƙiba. Wannan ta ƙarshe ita ce mai wuya a ƙasar nan, za ku ji dalili.

Kayan aiki ba su da yawa. Tabarma, kwanon samira mai murfi, ƙwarya da ludayi biyu, sai buta. Butar ita ce babba. Gefena take zama, ni nake zuba wa mutum ruwa ya wanke hannu inda yake zaune. In ka bar shi ya ɗauke ta ya zaga bayan ɗaki, abin da kuka wuni kuna sawa zai fito da shi da yatsa biyu. Bayan ci sai dara. Ina da gurabe a ƙasa gindin katanga, mu yi ta yi har abinci ya zauna.

Kuma kada ku zaci nama ake ci kullum. Abin da aka rubuta wa marar lafiya shi za ka ci. Na ci tuwo ba gishiri wata da watanni saboda wani direba mai hawan jini. Na sha kunu ba sukari ina yi kamar zuma ce. Wata rana mutum uku gare ka, ka ci abincin rana sau uku, duk a sanyaye. Da zazzaɓi ya kwantar da ni aka sa gardiyen ƙofa a madadina, saurayi kamar ku. Ya dawo wurin Majo yana murna, wai an cinye tas. An cinye kam. Marar lafiyar ya ce shi ma bai taɓa ganin ci mai kyau haka ba.

Mata ba nawa ba ne, Zali mai kunu ke zama da su. Ita tata wahalar daban ce, ƴan mata masu shan ƙwayar ƙiba ta masu talla, har da ta dabbobi, fuska ta kumbura kamar an hura. Ni nawa tsofaffi ne da suka gaji da duniya, da masu doguwar jinya, da wani malami da ya mai da kowace rana azumi. Sai Lawali.

Lawali ɗan Alhaji Arzika ne, mai hatsi, wanda kamyonsa ke zuwa Baleyara kowace kasuwa. An haife shi da jiki. Kakarsa ta wajen uba, tsohuwa Gambi, ta sa masa Tulu tun yana goye. Sunan ya bi shi lakwal, makarantar boko, ya bi shi har lise, babbar sakandare, a Yamai, can yara suka riƙa kiɗa a cikinsa suna rawa. Da ya dawo hutu uwarsa ba ta gane shi a ƙofa ba don rama. Kullum da sassafe sai ya fita gudu cikin rairayi, in an kawo abinci ya ce ya ci a waje. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. An kai shi wurin masu bori, an yi masa rubutu. Rubutun kam yana shanyewa tas, don ruwa ne. Ranar da ya faɗi a sahu ana ruku'u aka ɗauko shi a mota.

Majo ya auna shi, ya saurari ƙirjinsa, ya kira Alhaji da ni. Bai ɓoye komai ba. Ya ce ciwo ne sananne: yaron yana duba madubi ya ga Tulu, ko da ƙashi ne tsaye. Ya ce zuciyarsa ta yi rauni, in ya ƙara raguwa za ta iya tsayawa yana zaune. In bai fara ci ba, sai dai a sa masa roba ta hanci a kai shi Yamai, kuma bai tabbata zai kai ba. Alhaji ya cire hula ya riƙe.

"Majo, rumbuna cike, mangazata cike, ɗana shina mutuwa da yunwa. Mi zan ce ma mutane?"

Majo ya ce kada ya ce musu komai, ya bar mana yaron. Shi Majo zai riƙa zama da shi da safe su yi magana ƙofa a rufe, ni kuma kwano.

Ranar farko na shimfiɗa tabarma bayan azahar. Ya zo yana tafiya kamar zalɓe, riga na yawo a jikinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi iyali. Da na buɗe kwano sai na ga hannunsa na hagu ya tafi da kansa ya riƙe bakin kwanon, yadda ake koya wa yaro in zai ci da babba. Na ce a raina, na kama ka. Yaron da aka koya wa riƙe kwano an koya masa sauran: ba ya tashi sai babba ya cire hannu. To ban cire ba. Na saki jaki. Tuwo ya huce, miya ta yi fata, ƙudaje suka zo suka gaji suka tafi. Ni Rijiya ina gutsurar loma kamar baƙo a gidan surukai. Hannunsa ya sage a bakin kwano. Da ladan ya kira la'asar ya gutsuri wani abu kamar ƙwayar gyaɗa ya sa a baki.

"Baba, don Allah ka ƙoshi."

Na ce yanzu na ƙoshi. Ban kalle shi ba. Na zaga bayan ɗakin magani na taka rawa ni kaɗai, har Zali ta gan ni ta ce ko ni ma a kira mini Majo.

Kada ku ce daga nan sai sauƙi. Yaron yana da wayo, ciwon ya fi shi. Kwanaki kwano na raguwa ta gefensa ina murna, Majo na aunawa ba ƙari. Sai muka lura da kyanwar likita. Kyanwar da ke bin katanga kamar iska ta koma ba ta iya hawa taga, tana tafe ciki na jan ƙasa. Ashe loma yake saki ta hannun riga, ita kuma tana kwance bayansa tana karɓa. Majo ya yi mata canjin wurin aiki zuwa gidan Zali.

Ranar awo Majo yakan sa Lawali ya hau sikeli da baya don kada ya ga lamba. Rannan ya hau, Majo ya yi murmushi ya ce an sami ƙari mai kyau. Yana saukowa wani abu ya faɗo daga wandonsa, ƙaton kwaɗon ƙarfe na rufe mangazar hatsin ubansa. Muka tsaya mu uku muna kallonsa a ƙasa. Na ce masa, ɗan mai hatsi, ko ubanka in an kawo masa buhu da yashi a gindi yana ganewa. Ranar na fara jin dariyarsa. Gajera ce, ta ƙare da kuka. Muka bar shi ya gama.

Bayan wannan ne ya fara gaya mini. Muna dara, kansa a ƙasa, ya ce ba ƙin abinci yake ba. Yunwa yake ji kullum, har mafarkin fari masa yake, irin fanken nan, da zafinta. Amma akwai wani zaune a maƙogwaronsa, duk lomar da ta zo sai ya tsayar da ita ya ƙirga, ya ce in ta wuce Tulu zai dawo. Na ce ai wannan ɗan duwan ne, ɗan kwastan. Ya ɗago kai. Na ce mun san su, igiya ce a gicciye a hanya, kuma ba a faɗa da su, zagayewa ake. Daga ranar muka zama ƴan fasa-ƙwauri. In na tura tsokar nama gabansa, yadda babba ke yi wa yaro, sai in ce kaya sun iso iyaka. Shi kuma ya ce mutumin na nan tsaye a jira, ko ya ce ya tafi salla a wuce da sauri. Na gaya wa Majo ina tsoron zai ce wasa nake da aiki. Ya ce a Yamai ma haka aka koya musu, a raba mutum da ciwonsa a ba ciwon suna, in ci gaba.

Da azumi ya kama Lawali ya ga dama ta samu, ya ce shi ma zai ɗauka. Majo ya kawo limamin unguwarsu ya gaya masa da bakinsa marar lafiya irinsa ba ya azumi, in ya yi ma laifi ne. Shi ke nan shi an sallame shi, ni ba a sallame ni ba. Wata guda ina zaune da rana tsaka, bakina bushe, hannuna cikin miyar kuka da man shanu, ina dunƙula loma ina jerawa gefensa. Wanda ya ce aikin nan banza ne ya gwada wannan rana ɗaya.

Shekarar kuma ba ta da kyau. Ruwa ya ɗauke hatsi na fitar da kai. Kowace safiya mata na layi a ƙofar likita da yara masu tamowa, suna jiran abincin leda. Su wuce su ga ƙato zaune da ɗan Alhaji da kwanon nama ana jiran ya ga dama. Wata ta tsaya kaina da ɗanta a hannu, ta ce in ɗan masu kuɗi ya ƙoshi a ba nata. A gidana ma lokacin sau ɗaya ake ɗora tukunya. Lawali ya ture kwanon ya ce gaskiyarta. Na ce gaskiyarta, amma in ka mutu ɗanta ba zai ƙaru da loma ba, kabari ne kawai zai ƙaru. Lawali ya sa ubansa ya aiko da buhuna aka raba a layin, ni kuma na mai da tabarma inda ba mai wucewa. A shekarar ne malamin nan mai azumi ya rasu. Na zauna da shi tun sanyi har zafi, ban taɓa samun ya ci abin kirki ba. Ba kowa ake samu ba. Ku riƙe wannan kafin ku kai sunanku.

Bayan watanni Lawali ya fara tsayuwa da ƙarfi. Majo ya ce ya koma gida, ni in riƙa zuwa can rana da yamma. Nan hanin ƙarshe ya zo mana.

Kun san yadda muke. In mutum ya tashi daga ciwo dangi su cika gida barka, kuma gaisuwar ɗaya ce: ka yi kyau, ka yi ƙiba, ga kumatu sun dawo. Mu nan yabo ne, addu'a ce. Ga Lawali kuwa kamar ka tashi ɗan duwan daga barci ka nuna masa motarmu. Majo ya tara mutanen gidan ya yi musu bayani, suka ce sun ji. Amma dangin Alhaji ba su da iyaka, daga Tondikandiya har Imanan. Sai na kafa nawa shingen. Na sa benci a zaure na gicciye sanda. Duk wanda ya zo in tsayar da shi in tambaye shi me zai ce wa yaron. In ya ce zai ce ya yi ƙiba, in ce ya koma ya sake shiri. Ka tambaye shi karatu, ka tambaye shi ƙwallo, ka zagi tsadar hatsi ubansa na ji. Wani kawunsa tsohon soja sai da na mai da shi baya ya sake haddacewa. Ya shiga ya tsaya gaban yaron yana zufa, duk abin ya ɓace masa, ya ce, "Lawali, ashe kana da tsawo." Ya fito yana tambayata ko ya ci jarrabawa.

Abin da ban tsare ba ƙofar mata ce ta baya. Tsohuwa Gambi ta iso daga ƙauye a amalanken jaki. Ba wanda ya gaya mata komai, ko an gaya mata ba ta ji ba, don kunne ya yi nauyi. Ina zaure na ji guɗa. Na ruga na tarar ta kama kumatunsa da hannu biyu tana jijjigawa.

"Angona ya dawo! Tulu ya cika! Ku zo ku ga Tuluna, har wuya ya yi!"

Yaron ya yi murmushin ladabi. Da yamma na buɗe kwano, ya riƙe baki kamar kullum, bai sa hannu ba. Na kai jaki har Agadas, bai sa ba. Na ce kaya sun iso iyaka. Ya ce, "Baba, an rufe iyaka." Washegari haka. Daga baya aka ce an gan shi da sassafe yana gudu. Majo ya zo gida ya saurari ƙirjinsa, ya fito da ni waje, ya ce in Juma'a ta yi ba canji, sai roba da Yamai.

Alhaji ya so ya yi faɗa ya kasa, uwa ce. Matan gida suka ɓoye mata. Ni na je na same ta tana tsinkar zogale, na durƙusa gefen kunnenta mai ji na gaya mata duka, da ƙarfi, har maƙwabta sun ji. Ban iya wata hanyar magana ba. Ta ajiye faifai ta ce in kai ta wurinsa. Na tambayi Majo, Majo ya ce a tambayi mai ciwo. Lawali ya ce ta zo.

Muna zaune a zaure da ƙwaryar hura tsakaninmu ta shigo ta zauna bakin tabarma. Majo na tsaye a ƙofa, Alhaji a bayansa.

"Angona, an ce ni na kashe ka."

"Ba ki kashe ni ba, Kaka."

"Shekarar da shanu sunka ƙare, huɗu na rufe. Kowane sai da na ƙirga haƙarƙarinshi da hannuna. Da anka miƙo min kai na ji nauyi, na ce wanga shina zama. Ni ban san wani yabo ba sai shi."

Lawali ya dube ta. Ya ce ya ji, amma sunan yake so ta bari. Ta ce ta bari har abada, to me za ta kira shi? Ya ce sunansa.

Ni sai lokacin na gane. Lawali sunan kakansa ne, mijinta, aka mayar masa. Matar nan tun ranar da aka kai ta ɗaki ba ta taɓa furta sunan ba, da ransa da bayan ransa. Ko wani Lawali ta gamu da shi a kasuwa sai ta ce mai sunan malam. Dalilin ke nan da ta nemo Tulu tun farko. Ta ce a'a, ya zaɓi wani, ko Ango, ko Maigida, ko Ɗan lakwal. Ya ce shi nasa yake so. Ta dubi Alhaji, Alhaji ya dubi rufin zaure. Ta dube ni, na dubi katanga, aikina ne.

Ta ja mayafi ta rufe fuska duka. Daga ciki muka ji wata ƴar murya kamar ta yarinya.

"Lawali."

Sai ta ƙyalƙyale da dariya cikin mayafin, tana dukan tabarma, tana cewa malam ya ji ta, da wane ido za ta dube shi gobe kiyama. Alhaji ya fita da sauri hula a baki. Majo ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Lawali ya ce bai ji ba, ta sake. Ta ce ɗan banza, kai da kakanka halinku ɗaya. Ta sake. Yana dariya hawaye na zuba, hannunsa ya ɗauki ludayi. Ni ina kallon katanga. Amma Majo bai hana ni saurare ba. Na ji an haɗiye, na ji an ƙara.

Ba a je Yamai ba. Kada kuma ku ce dariya ce ta warkar da shi. Majo ya ci gaba da zama da shi ƙofa a rufe, ni da kwano, har wata damina ta zagayo. Akwai ranakun da iyaka ke rufe, mu jira. Tsohuwar kuwa ta ɗauki sunan kamar sabon zane, tana kiransa da dalili da ba dalili har ta rasu. Ranar da Majo ya ce aikina ya ƙare da shi, yaron ya tambaye ni ƙarshen jakin. Na ce an gan shi a Damana. Ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Ya ce an cuce shi.

Yanzu malamin lakwal ne a Bonkuku, da mata da ɗiya. Ya ce ɗan duwan na nan, amma ya tsufa, yawanci gyangyaɗi yake.

Majo an mai da shi Yamai. Ni na ajiye aiki da gwiwa ta ƙi tabarma. Bara uwar ɗiyana ta rasu. Da aka share makoki sai abinci ya fita kaina, ni Rijiya. A kawo a ɗauke. Ɗiyata ta yi ta cewa Baba ci, Baba ci, ina jin ta. Rannan da rana na ji babur ya tsaya a ƙofa. Lawali ya shigo da kwanon samira, ya gaishe ni, bai ce na rame ba. Ya jawo butata ya ajiye gefensa. Ya buɗe kwano, ya riƙe baki da hagu, ya kafa wa katanga ido. Sai ya ce wai jakin nan da ya bar Baleyara Doso ya nufa ko? Na ce Tawa. Ya ce shi dai Doso ya ji. Na ce kai, jakin ubanka ne ko na ubana? Muna cikin gardama na ga hannuna a kwano.

Na gane sarai. Sana'ata ce ya sace, ko kunya babu. Na ci.

Ina nan Filinge, bayan kasuwa, gindin bedin nan da kuke cika mini da gawayi. Haƙora sun ragu. Hura da tuwo mai laushi nake ci, a hankali, don saurin ya tafi bai dawo ba. Lawali na zuwa duk ƙarshen wata da kwanonsa. Har yanzu ba ya tashi sai na cire hannu, ni kuma ba na gaggawar cirewa.